Lissafin Ƙafa a Kasuwar Skun

A kasuwar Skun, can Kambodiya,
Rachana ta taso daga makaranta,
ta tarar da kakarta bakin kasko.

"Kaka, malam ya ce a ƙirga ƙafa:
shida na gyare, ga ƙirji ga fiffike,
takwas na gizo-gizo, ɗan'uwan kunama,
kaguwa goma, biyun gaba awartaki.
Shanshani ne ya rikita min lissafi."

Tsohuwa ta ɗaga matsami tana dariya:
"Duk gida guda ne, 'yar nan.
Ƙashi a waje, tsoka a ciki,
riga in ta matse sai su saɓe ta.
Haƙorina ya san su tun ba a haifi malaminku ba.
Miƙo tafarnuwa,
motar Phnom Penh ta tsaya."