Akwati Biyu a Takardar Malama Fa'iza

Ranar kasuwa ta iso rumfata,
mota ta sauke ta a bakin kwalbatin hanyar Auyo,
takalminta duk laka, jakarta cike da takardu.
Ta ce daga jami'a take, sawun ƙarya take bi:
inda take tasowa, inda take yada zango,
da wanda ke ba ta ruwa in ta gaji.

Na ce, Malama, ai kin zo masaukinta.
Waya arba'in da bakwai nake shayarwa a kan allon nan,
janareto na tari a bayana.
Duk maganar da za ta shiga garin nan
sai ta fara shan wuta a hannuna.

Ta zaro biro. Tambaya ta sha ɗaya:
"Kana tantance labari kafin ka tura?"
Akwati biyu ne a gabanta, Eh da A'a.

Na ce, tsaya in ba ki na bara waccan.
Wata murya ta faɗo wayar Sabi'u da la'asar,
muryar dattijo, har da salati da gyaran murya,
wai an buɗe dam, ruwa na tafe, saura kwana biyu.
Ni na tura wa mutum tara.
Don Allah na yi.
Daren nan ba wanda ya runtsa,
muka yanke shinkafa tana ɗanya shar,
Gwaggo Tabawa ta sayar da tumaki uku a kuɗin ɗaya.
Ruwa bai zo ba.
'Yan sari ne suka zo, da motoci da buhuna.

Bara kuwa rediyo ya faɗa da bakin hukuma,
safe da rana da dare: a bar bakin kogi.
Muka yi ta dariya a majalisa.
Mu da tsumma ya taɓa kora,
da macijin ya zo sai muka gyara zama.
Laraba da asuba ruwa ya yi sallama a zaure.
Ga shatinsa can a bangon masallaci,
daidai ƙirjina.

To, Malama, a wane akwatin za ki sa wannan?

Ta yi shiru. Ta juya takardar,
ta yi ta rubutu a bayanta inda babu layi
har bironta ya ƙafe, na ara mata nawa.

Ta ce za ta kai shi taro a wata ƙasa mai sanyi,
masana za su zauna a jere su saurara,
sunana ba zai fito ba, ni ne mai amsa na sittin da biyu.
Na ce ba komai.
'Yan jaridar da suka zo bara ma
sun ɗauki hoton rufin Haladu yana iyo,
suka rubuta sunan wani garin a ƙarƙashinsa.

Ba mu kai tambaya ta ashirin ba
sai ga layi tun daga rumfata har gindin famfo.
Wai wata mata tana rubuta sunaye,
za a raba taki da dubu hamsin-hamsin.
Ta miƙe, ta rantse bincike take yi.
Suka ce haka suke faɗa in za su ba danginsu.

Ta dube ni: wa ya fara?
Na dubi allon, idanu arba'in da bakwai suna ƙyaftawa.
Ni dai abin da na gaya wa Sabi'u,
baƙuwa ta zo da takardu.
Iyakarta ke nan, wallahi.

Da magariba ta tafi, ta manta da birona a jakarta.
Yau wata huɗu.
Kullum da hantsi Gwaggo Tabawa na kawo 'yar wayarta,
mai ɗaure da kyauro,
ta ce, cika ta taf, Ɗanjummai,
kada kuɗin matar nan su shigo su iske ta a mace.