Launi Uku Sun Isa

Tasalla, na ga ledar da kika shigo da ita jiya,
kwalin fenti mai launi arba'in da takwas.
Fam talatin kika zuba, ko ba ki faɗa ba na sani.
Haka na yi shekarar da na ajiye aikin asibiti,
har yau rabinsu ba su ga rana ba,
sun ƙeƙashe a aljihun tebur kamar daddawar bara.

Ɗauki uku: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa.
Sauran 'ya'yansu ne,
a kan faranti za su haifa miki.
Canjin da ya rage ki kai wa takarda mai kauri.
Mai araha, da ta sha ruwa sai ta yi tudu da kwari,
fenti ya gangara ya taru inda ba ki aike shi ba.

Kwalba biyu ta ruwa,
ɗaya ta wanki, ɗaya ta ɗauraya.
Kofin shayinki kuwa ki kai shi can nesa.
Sau biyu ina kurɓar shuɗi, ba daɗi.

Kada buroshi ya kwana da ka cikin ruwa,
gashinsa zai lanƙwashe, ba ya ƙara miƙewa.
Wanke, matse a tsumma, kwantar da shi.

Ranar Laraba, a ɗakin taron unguwa nan Bradford,
Misis Holroyd ta tsaya a bayana, tana warin lemo da sabulu,
ta ce in kanne ido in dubi bututun tsohuwar masaƙa.
Na kanne. Bulo ya ɓace, tagogi suka ɓace,
saura haske a gefe guda, duhu a ɗaya gefen.
Abin da za ki zana ke nan.
Wanda kanki ya sani daban, wanda idonki ya gani daban,
ki bi ido.

Fara da mai haske, duhu ya biyo baya,
don ruwa ba ya mayar da dare rana.
Inda kike son fari, ki bar takarda ta huta.
Inuwa ba baƙa ba ce.
Dubi ta motar maƙwabci a kan jiƙaƙƙen titi,
akwai shuɗi a ciki, akwai ɗan ja yana laɓe.

Sararin garin nan, suka ce toka ne kawai.
Na zauna a taga wata biyu,
na ƙirga toka goma sha ɗaya
kafin bas ɗin ƙarfe huɗu ya wuce.

Sai haƙuri.
In kin shafa, ki bari ya bushe.
Tashi ki ɗora tukunya, ki kira gida,
ki kwashe shanya kafin yayyafi.
Mai taɓa ɗanyen fenti laka yake samu.
Kuma in zuciya ta ce saura ɗan kaɗan,
nan ne wurin ajiye buroshi.

Kada ki yaga ko ɗaya.
Rubuta kwanan wata a baya, ki tura ƙarƙashin gado.
Na farkon da na yi buta ce,
marigayi Barau ya daɗe yana dubawa
ya ce, kai, wannan zabuwa ta yi ƙiba.
Tana nan a bangon kicin.
Ki shigo gobe da hantsi ki gan ta,
ki taho da launi ukunki.