Taku Goma Sha Tara

Na hau dutsen bayan Billiri da hantsi,
igiyar awo a aljihu, gorar ruwa a hannu.
Magini ne ni, da bulo da siminti nake ci a Gombe,
an ce kakana Mela ne ya aza harsashin nan.

Ba rufi. Sama ce rufin yanzu.
Bango uku na tsaye, na huɗu ya durƙusa
kamar tsohon da ya daɗe cikin addu'a
har ciyawa ta tsiro masa a gadon baya.

Na taka: goma sha tara daga ƙofa zuwa bagadi,
takwas a faɗi.
Daga ƙasa zuwa ƙugu dutse ne zalla,
kowane an jujjuya shi har ya yarda ya kwanta.
Daga nan tubali ya karɓa,
jar ƙasa da aka taka da ciyawa ta kwana bakwai.
Ga sawun yatsu a jikin yaɓe.
Na sa nawa a ciki, sun yi mini yawa.

Goggo Rifkatu ta ce ruwan ginin daga kwari ya zo,
a kan mata, tulu bayan tulu, tun kafin zakara.
Ta ce uwarta ta fasa uku a hanya,
har ta mutu tana nuna inda na ukun ya faɗi.

Tagogi huɗu, ƙanana, masu tsinin kai,
biyu gabas, biyu yamma,
don iska ta ratsa ba tare da ta ɗauke takarda ba.
Dakalan zama sun narke sun zama kunya-kunya,
kamar gonar da aka huɗe aka manta da iri.
Maza nan, mata can, yara a gaba inda ido ke kai.

Amma bakan gizon ƙofa bai motsa ba.
Wannan ba hannun kakana ba ne.
Gidado ne, magini daga Kumo,
aka biya shi da akuya biyu da damin dawa.
In azahar ta yi sai ya sauko daga tsani,
ya fuskanci gabas a gindin tsamiya,
masu miƙo ƙasa su tsaya da curi a hannu
har ya shafa.
Ba wanda ya rubuta wannan. Ƙofar ce ta riƙe.

Jinka aka fara ɗorawa, gobarar daji ta lashe.
Aka sa azara da kwano.
Sai gari ya fara sauka, gida-gida,
wajen hanya, wajen rijiya, wajen kasuwa.
Majami'a ba ta da ƙafa.
Kwanon ya bi su, aka rufa sabuwa da shi a ƙasa,
gara ta gaji azara,
damina ta gaji sauran.

Ƙararrawar kuwa wilin tsohuwar mota ce,
ita ma ta sauka.
Wayar da ta riƙe ta tana nan a reshen tsamiya,
itacen ya haɗiye rabinta.

Yanzu ƙadangare ke hawa mimbari,
yana gyaɗa kai ga maganar da ba wanda ya yi.
Zuma ta kama ramin da ake ajiye littafin waƙoƙi,
ita kaɗai ke rera wani abu.

Ban ciro igiyar awon ba.
Na ga dutse ɗaya ya zame daga kusurwar kudu,
na ɗaga, na gwada, ya ƙi.
Na juya shi, ya ƙi.
Na sake juyawa,
sai ya shige da wani ɗan sauti
kamar an amsa sallama daga cikin ɗaki.

Waya ta yi ƙara a aljihuna:
bulo sun iso, lebura na jira.
Na ce ina zuwa.
Na zauna a bakin ƙofar Gidado
har inuwarta ta tsallake ƙafata.