Taƙi Ɗaya da Yatsu Biyu

Ni baduku ne, a Shiyar Madunka aka yanke mini cibiya.
Awona kamu ne da taƙi da faɗin tafi,
ban damu da kilomita ba sai da Luba ta tafi.

Ranar da muka raka ta filin jirgi
rana na dukan kwalta har tana rawa.
Ta rataya jakar jar fata da na kwana uku ina ɗinki,
ta ce, "Baba, karatu ne fa, ba ɓata ba."
Jirgin ya sheƙa, ya ɗaga hanci,
ya koma shirwa, ya koma ƙuda,
sai sama ta haɗiye abinta.

Da la'asar na nufi Mabera, gidan Malam Sidi,
wanda ya tsufa yana koyar da labarin ƙasa.
Ya sauko da ƙwallon duniya daga kan kabad,
ya goge shi da hannun riga.
"Ga Sakkwato," ya dangwala farce.
"Ga Kuala Lumpur." Sai da ya murza ƙwallon.
Na zaro zaren ɗinki daga aljihu,
na danne nan, na ja can, na gatsa da haƙori.
Taƙi ɗaya da yatsu biyu.
Na ce, "Ashe ma kusa ne."

Malam ya yi dariya har da tari.
"Wannan guntun naka ya haura kilomita dubu goma,
shi ma in jirgi ya miƙe kamar kibiya.
Nata kuwa sai ya sauka Abuja,
ta sake wani, ta yi gyangyaɗi a garin da ba ta san kowa ba."
Na ce, "Lissafa mini da Illela."
Ya ce, "Ka je sau ɗari, da sauran tafiya."
Ni da zuwa ɗaya ke sa ni kwana da ciwon baya.

Awa bakwai ta riga ni.
Ina alwalar asuba, tana jiran azahar.
Ranar da ke gasa mu a bakin rumfa
ragowa ce, Luba ta riga ta shanya wanki da ita.
In na yi sallamar magariba na ɗauki waya
sai na tuna ta yi nisa cikin barci, na ajiye.

Uwarta, Inno, ba ruwanta da lissafinmu.
Ta ce nisa shi ne inda tuwo ba ya kaiwa da zafi.
Ranar Juma'a murya kan iso tangaram
kamar daga bayan zana,
har nakan ji ruwan sama na dukan tagarta,
mu nan ko hadari babu.
Sai dai hannu ba ya bin murya.
Ran da ta yi zazzaɓi, waya na dafa a goshina.

Zaren na nan, ban yar ba.
Ya yi wata biyar a naɗe cikin hulata.
Jiya na yanka mata takalmi,
na zura shi a allura, na kama maɗaurin ƙafar dama.
Ya isa cif, har da ɗan saura na ƙulli.

Na hagu kuwa na jingine shi bayan ƙofa.
Sai ta zo na gwada ƙafar,
ko ta canja.