Makulli Mai Jan Zare

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas a Leicester.
Na san ramukan titin nan kamar haƙoran bakina,
har gurbin wanda ya fita.
Jiya a ofis suka ba ni agogo.
Agogo, ga mutumin da ya gama da lokaci!

Yau falo ya cika da kwalaye.
Kande na naɗe kofuna da tsohuwar jarida
tana yanke musu hukunci ɗaya bayan ɗaya:
kai za ka, kai ka zauna.
Turmin da muka hau jirgi da shi
shekarar da aka haifi Asabe
ya ƙi shiga kowane kwali.
Ta ce ko a cinya ne za ta riƙe shi.

Makullin na kan talabijin, ɗaure da jan zare.
Joaquim ne ya turo min shi kan teburin shayi a gareji
makon da ya dawo daga binne uwarsa.
Ya ce, Tanimu, ɗaki biyu ne,
rufin na yoyo ta gefe guda,
akwai lemo a bayan gida,
teku kuwa, ka tofa yawu ta taga ya faɗa ciki.
Ni jikokina na nan, ba zan koma ba.
Na yi dariya.
Ban dai mayar masa da shi ba.

Bayan Juma'a Alhaji Barau ya riƙe hannuna ya ƙi saki.
Fotugal? Wa gare ka a can?
Tsoho gida yake nufa.
Na ce haka ne, Alhaji.
Ban gaya masa bara na je Gusau ba,
na tsaya a ƙofar gidan da aka yanke min cibiya,
wani yaro ya leƙo ya ce, Baba, wa kake nema?
Waɗanda nake nema duk suna bayan gari, a jere.
Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
Ina jin ta tun ina yaro,
ban san da ni take ba.

Gwiwata rana take so,
amma tana son likita kusa.
Fanshon nan a nan kuɗin wuta ne da haya,
a can, in ji lissafin Kande, har da kifi kullum.

Da dare ina bin bakin wata mata a waya.
Peixe, kifi.
Pão, burodi, ta hanci ake faɗinsa kamar mai mura.
Kande ta tsaya a biyu: nawa ne, ya yi tsada.
Ta ce da su mace za ta zauna ko'ina a duniya.

Asabe ce ta yi tambayar da kowa ya kauce wa.
Tana liƙe kwali, ba ta dube ni ba,
da Hausarta mai ɗingishi:
Baba, in ka mutu can, wa zai wanke ka?
Na ce akwai masallaci, awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa.
Ta ce ba shi na tambaya ba.
Muka ci gaba da liƙi.

Na duba alƙibla a taswira.
Bangon kicin take kallo.
Sau biyar a rana ke nan zan juya wa teku baya,
ni da ban ga ruwan da ya wuce dam ba
sai da na haura talatin.
Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi,
amma shi kifi ai bai taɓa barin ruwa ba.

Asuba ta yi. Yayyafi, kamar kullum.
Bas ɗin farko ya shigo layinmu,
sabon direba, ga alama,
don ya faɗa ramin kwanar kanti gaba ɗaya.
Daga nan kan darduma
na ji shi a ƙuguna.

Kande ta ce daga ɗaki,
ka sa makullin a aljihu tun yanzu,
na san ka.