Laujena Yana Rataye

Da asuba gwiwata ce ke fara tashi,
ta riga ladan, ta riga zakaran Bawa.
Sai na lallashe ta kamar jaki mai gardama
kafin ta yarda mu kai ga buta.

Kaka arba'in da bakwai na yanki riɗi a Gadarif.
Baƙar ƙasar nan ta san tafin ƙafata,
in damina ta sauka takan riƙe min takalmi
kamar mai bi na bashi.
Yanzu laujena yana rataye a rumfa,
tsatsa na cin sa ba gaggawa,
yadda shekaru suka ci haƙorana, na ciki tukuna.

Jiya Muzammil, ɗan ɗana, ya sauko da shi,
ya ce, "Jiddu, yaya sunansa da rutana?"
Rutana.
Harshen da uwata ta yi min tawai da shi.
Na ce lauje. Ya ce loje.
Na ce lauje, yaro, buɗe bakinka.
Ya yi dariya, ya mayar da shi ƙusa a karkace.

Ina yi musu Hausa, suna amsa min da Larabci,
na zuba gero, na kwashe dawa.
Tahani tana jin komai, ba ta furtawa,
sai in za ta roƙi kuɗin raksha:
"Kaka, don Allah."
Waɗannan ukun ta riƙe su da kyau.

Ita ce ta sa min waya a kunne ran Juma'a,
wai wani jikan dangi ne daga Haɗeja.
Na gaishe shi yadda aka koya min,
gida da gajiya, iyali, dabbobi, ruwan bana.
Ya ƙyalƙyale, ya ce, "Baba, wannan Hausar
ai da ita aka binne kakata."
Rabin tasa kuma ban gane ba.
Na miƙa wa yarinya wayarta.
A can na tsufa, a nan na zama baƙon baki.

Muzammil zai tafi arewa, sahara,
wai akwai ƙarfen da ke kuka in ya ji ƙanshin zinariya.
Ya ce noma cin rai ne.
Na gyara zama a kan angarib, na ce saurara:
kakana da ƙafa ya taso, Makka ya nufa,
shekara bakwai yana tafe,
ya tsaya nan damina ɗaya ya nemi kuɗin jirgi,
har yau daminar ba ta ƙare ba.
Yaron ya dube ni ba raini, ya ce,
"Ashe shi ma gonar ubansa ya bari."

Jabana ta huce a hannuna.
Na nemi karin magana, duk sun gudu.

Da la'asar na ja sanda zuwa gidan Bawa,
shi kaɗai ya rage da ke kira na da sunan yaye.
Kunnensa ya mutu bara.
Na faɗa masa duka, yana gyaɗa kai,
ya ce, "Ƙwarai, tsadar sukari ta yi yawa."
Muka yi dariya har tari ya raba mu.

Yau motar arewa ta tashi kafin in idar da lazimi.
Ban ji fitarsa ba.
Da na leƙa rumfa, laujen na nan,
an wasa shi, an shafe shi da man riɗi,
an rataye shi daidai, baki na kallon gabas.

Ban sani ba ko ban haƙuri ne, ko sallama.
Na taɓa bakin da ɗan yatsa.
Ya yanke ni.