Sunayen da Otar Ya Bari

Ruwa na dukan rufin kwano a Tbilisi.
Mai burodin ƙasan bene ya rufe tanda,
ƙanshin ya hawo matakala ya same ni
ni kaɗai, da fayil mai layi dubu huɗu.

Otar ne ya rubuta shi, kafin ya koma Batumi
ya buɗe shagon gyaran keke a bakin teku.
Ya bar mini sunaye kamar takalman gidan biki,
ba a san na wa ne na wa ba:
"ja", "ja-biyu", "akwati", "akwati-sabo",
"sabo-na-gaske", "kar-a-taɓa".

Ranar Talata na dusashe launin "ja"
don gargaɗin maganin da ya kusa lalacewa.
Ashe maɓallin biyan kuɗi ma da "ja" yake amsawa,
da alamar kwando, har da sunan kantin kansa.
Zare ɗaya na ja, riga ta warware har wuya.
Awa uku maɓalli fari a kan fari,
ko ƙwayar ciwon kai ba wanda ya iya saya.
Gocha mai kantin ya kira ni sau tara,
a na tara bai ce komai ba, numfashi kawai.

Sai na tuna kakata Tsiala a Telavi,
da kwalaben miyar tkemali jere a ɗakin ƙasa,
kowace da 'yar takarda manne a ciki:
bishiyar bayan rijiya, shekarar ƙanƙara, mai yaji.
Ko fitila ta mutu ba ta taɓa ɗaukar wata
a madadin wata ba.
Takan ce, "Abin da ba ki raɗa wa suna ba,
wani zai kira shi, ya amsa a inda bai dace ba."

To, daren nan daren suna ne, ba rago, ba wanzami.
Gida farko, sannan ɗa, sannan halin da yake ciki.
Gidan shi ne kati.
Ɗansa ya ɗauki sunan gida da kara biyu a ƙasa,
kamar cibiya:
kati__hoto, kati__farashi.
In ɗan ya sauya riga, karan-ɗori biyu su faɗa:
kati__farashi--ragi,
kati__hoto--babu.
Farashin kwando kuwa kwando__farashi ne,
ko sun yi kama da na kati, ba uwarsu ɗaya ba,
in na mari wannan, wancan ba zai yi kuka ba.

Mu dai a ƙasar nan wannan ba baƙon abu ba ne.
Ni Nestan Gulashvili,
wutsiyar sunana tana faɗin gidan da na fito
tun kafin in buɗe baki.

Lasha zai zo da safe ya murtuƙe fuska,
ya ce sunaye sun yi tsawo kamar jirgin ƙasan Poti.
Bari ya ce.
Gara yatsa ya gaji da bugawa
da a kwana ana neman wanda ya kashe maɓalli.

Ƙarfe huɗu, ruwa ya tsagaita,
shayi ya huce har sau biyu.
Saura suna ɗaya: "kar-a-taɓa".
Na bi sawunsa layi bayan layi, gabana na faɗuwa,
ina jiran ginshiƙin da ya ɗauke ginin duka.
Can gindin allo na same shi,
ɗan zanen keke, bai kai ƙwayar wake ba,
shekara uku yana tsaye, ba wanda ya lura.

Na daɗe ina kallonsa.
Sannan na rubuta gindi__keke--otar,
na bar shi inda yake.
A ƙasa, mai burodi ya fara hura wuta.